Jan Layin Nan Zinariya Ne: Abin da ke cikin gwajin zazzaɓi na gaggawa, da abin da ke tafe

Duk wanda ya taɓa kai yaro mai zazzaɓi asibiti a Duwala ya san ɗan farin robar nan mai tsawon yatsa. A huda yatsan yaro, a ɗiga jini a rami ɗaya, a ɗiga ruwan gwaji a ɗaya ramin, a ce a jira. Bayan minti 15 ko 20 sai jan layi ya fito, ɗaya ko biyu. A karnen asibiti ana rubuta sunansa da haruffa uku, TDR, wato gwajin gaggawa. Da shi ake gane zazzaɓin cizon sauro, wanda a nan muka fi kira palu.

Mutane da yawa ba su yarda da shi ba tukuna. Uwa takan ce, "Likita, ɗan jinin nan ina zai isa a ga ciwo?" Magidanci yakan ce, "Ni na san jikina, palu ne." Idan layi ɗaya ya fito, aka ce babu palu, sai wasu su fita su tsaya wurin mai tallan magani a bakin kasuwa su sayi ƙwaya. Wani lokaci zazzaɓin ya tafi da kansa, a ce maganin ne. Wani lokaci kuma ciwon da ke jikin yaron dabam ne, ana ta ba shi maganin palu har kwana huɗu su wuce, a kawo shi a galabaice.

Mutum ba ya amincewa da abin da bai san yadda yake aiki ba. Saboda haka wannan ɗan littafi zai buɗe robar nan, mu ga abin da ke ciki. Abin da ke ciki kuwa zinariya ne.

Zinariya mai launin ja

Zinariyar da muka sani, ta ɗan kunne da sarƙa da awarwaro, rawaya ce mai walƙiya. Amma idan aka mai da ita ƙanana ƙwarai, launinta yakan canja. Ƙanƙantar da ake nufi ta wuce gari, ta wuce ƙura. Ana auna ta da nanomita. A raba milimita ɗaya kashi miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashin kai ya kai nanomita wajen 80,000. Faɗin jar ƙwayar jini ɗaya wajen 7,000 ne. Ƙwayar zinariyar da ake sawa a gwajin gaggawa kuwa takan kasance tsakanin nanomita 20 zuwa 40. Ko madubin likita da ake duba jini da shi a ɗakin gwaji ba ya nuna ta ɗaya ɗaya.

Idan zinariya ta kai wannan ƙanƙanta, takan shanye koren da ke cikin hasken rana, abin da ya rage ya iso idonmu ja. Shi ya sa ruwan da ke ɗauke da irin waɗannan ƙwayoyi yake kama da zoɓo marar kauri. Idan kuma ƙwayoyin suka dunƙule wuri ɗaya, misali aka zuba musu gishiri, sai ruwan ya koma shunayya ko shuɗi. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abin ba sabo ba ne. A gidan tarihi na British Museum a Landan akwai wani kofin gilashi na Romawa da aka yi a ƙarni na 4, ana ce masa Kofin Lycurgus. Idan haske ya faɗa masa daga gaba, kore ne. Idan aka haska shi daga baya, sai ya zama ja. Ƙananan ƙwayoyin zinariya da azurfa ne a cikin gilashin. Masu yinsa sun iya aikin, amma ba su san dalilin ba. A 1857 masanin Ingila Michael Faraday ya haɗa jan ruwan zinariya a ɗakin bincikensa, ya kuma bayyana cewa launin daga ƙanƙantar zinariyar yake. Kwalaben da ya haɗa suna nan a Landan har yau, da jan launinsu. A 1951 John Turkevich da abokan aikinsa a Amurka suka fitar da hanya mai sauƙi: a tafasa gishirin zinariya da wani sinadari ɗan'uwan tsamin lemo, sai a sami ƙwayoyi masu girma kusan ɗaya. A 1971 kuma Faulk da Taylor suka nuna ana iya manna wa ƙwayar zinariya sojan jiki. Daga nan ne hanyar gwajin da muke yi yau ta buɗe.

Yadda layin ke fitowa

Idan cuta ta shiga jiki, jiki yakan ƙera wasu furotin da ke gane ta su kama ta. Su ake kira sojojin jiki. Kowane soja abu ɗaya ya sani, kamar mabuɗi da kwaɗonsa. Masu yin gwaji sukan samar da sojan da ya san wani furotin na ƙwayar palu. Wanda aka fi nema sunansa HRP2, kuma ƙwayar falsifarum ce ke yinsa, wato irin palu mafi haɗari, wanda ya fi yawa a Kamaru. Wasu gwaje-gwajen suna neman wani furotin dabam mai suna pLDH.

A cikin robar akwai siririyar takarda. A farkonta an shanya ƙwayoyin zinariya, kowace da sojanta manne a jiki. A tsakiyarta an ja layi biyu da ido ba ya gani. Layin farko, mai harafin T, an dasa masa wasu sojojin da su ma suka san furotin ɗin palu. Layi na biyu, mai harafin C, an dasa masa abin da ke kama sojan da ke jikin zinariyar kanta, ko da palu ko babu.

Da aka ɗiga jini da ruwan gwaji, ruwan yakan fasa jajayen ƙwayoyin jini, abin da ke cikinsu ya fito. Sai duka su bi takardar, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Idan akwai furotin ɗin palu, sojan da ke jikin zinariya ya kama shi, su tafi tare. Da sun iso layin T, sojojin da aka dasa su riƙe furotin ɗin ta ɗaya gefen, zinariyar ta tsaya nan. Ƙwaya ɗaya ba ta ganuwa, amma idan miliyoyi suka tsaya a layi ɗaya, ido ya ga ja. Sauran zinariyar ta wuce gaba, layin C ya kama ta. Idan babu furotin ɗin palu, babu abin da zai tsayar da zinariya a layin T, sai ta wuce kai tsaye zuwa C.

Ke nan jan layin ba jinin yaro ba ne, ba kuma fenti ba ne. Zinariya ce ta taru. Ɗigon jini kuwa ya isa, domin a cikin ɗan abin da ake ɗiba, mikrolita 5, akwai jajayen ƙwayoyin jini fiye da miliyan 15.

Haka yawancin gwajin ciki na fitsari suke aiki, da na ciwon hanta, da na korona da aka yi ta yi a tashar jirgin sama da asibitoci. Ba duka ne ke amfani da zinariya ba. Wasu na amfani da ƙwayoyin roba masu launi, gwajin ƙanjamau mai suna Determine kuma da wani sinadari mai suna seleniyam ake yinsa. Amma dabarar ɗaya ce.

Kada wani ya fara tara tsofaffin robobin gwaji don ya kai wa maƙeri. Zinariyar da ke ciki ba ta kai ta motsa ma'auni ba, kuma jinin mutane ne a jiki. Wurinsu kwandon sharar asibiti, a ƙone.

Abin da wannan ya koya mana

Wanda ya gane yadda layin ke fitowa, ƙa'idodin gwajin ba za su yi masa wuyar riƙewa ba.

Layin C shi ne shaida. Idan bai fito ba, ruwan bai bi takardar yadda ya kamata ba, ko gwajin ya lalace. Ko da layin T ya fito, sakamakon banza ne, a sake da sabo.

Layin T ko ya yi dishi-dishi, layi ne. Furotin ɗin ne bai yi yawa ba, shi ya sa zinariyar da ta tsaya kaɗan ce. Akwai palu, a ba da magani cikakke. A duba a wuri mai haske, ba a lungun ɗaki da magariba ba.

Lokaci yana da muhimmanci. Wanda ya duba a minti 5 bai ba zinariyar damar taruwa ba. Wanda ya bar shi awa guda ya dawo zai iya ganin inuwar layi da ba ta gaskiya ba. A bi mintin da aka rubuta a takardar kwalin.

Ruwan gwaji na kowane kwali nasa ne. Ruwan famfo ko ruwan allura ba sa maye gurbinsa. Yawan ɗigon ma ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Jini kuma idan ya yi yawa, takardar takan rine, layin ya ɓace a ciki.

Zafi da danshi abokan gaba ne. Zinariya ba ta lalacewa, amma sojojin da ke jikinta furotin ne, kamar farin ƙwai, zafi yana dafa su. Duwala kuwa gari ne na zafi da laima, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya daga Yuni zuwa Oktoba. Gwajin da ya yini a rana a kan teburin mai talla, ko ya kwana ƙarƙashin kwanon rufi, ko ya yi ta yawo a aljihun mai bensikin, ba abin dogaro ba ne. A duba ranar ƙarewar aiki. Kada a buɗe ledar sai lokacin amfani. Idan ledar ta huje, a jefar.

Layin T yana iya ci gaba da fitowa bayan an warke. Furotin HRP2 yakan daɗe a jini makonni bayan ƙwayoyin sun mutu, wani lokaci har wata guda ko fiye. Saboda haka idan yaro ya sha maganin palu mako biyu da suka wuce, zazzaɓi ya dawo, a faɗa wa ma'aikacin lafiya. A nan duba jini da madubin likita ya fi, don shi ƙwayar kanta yake nunawa.

Akwai kuma wani abu da masu kula da lafiya ke sa wa ido. An sami ƙwayoyin falsifarum da ba sa yin HRP2 sam. An fara ba da rahotonsu daga ƙasar Peru a 2010, daga baya suka yawaita a Eritiriya har ƙasar ta canja irin gwajin da take amfani da shi. Wannan na cikin dalilan da ya sa ma'aikacin lafiya ba ya duban roba kaɗai. Yana duban marar lafiya.

Idan gwaji ya ce babu

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa duk wanda ake zato yana da palu a gwada shi kafin a ba shi magani, yaro ko babba. Dalilin a fili yake. A New Bell da Bonaberi da sauran unguwannin da ruwa ke kwanciya a kwata, sauro ba ya hutu, shekara duka ana kamuwa. Wannan ya sa muka saba kiran kowane zafin jiki palu. Amma zazzaɓi alama ce, ba cuta ba. Ciwon huhu yana kawo shi, da ciwon kunne, da ciwon maƙogwaro, da ciwon mafitsara, da taifot, da ƙyanda, da sanƙarau, da mura. Maganin palu ba ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu.

Layi ɗaya ba ya nufin "ba ka da komai". Yana nufin a ci gaba da nema. Ma'aikacin lafiya zai ƙirga numfashin yaro, ya duba kunne da baki da wuya, ya tambayi fitsari da bayan gida. Idan bai ga abin tsoro ba, zai ba da maganin sauke zafi, ya ce a yawaita ruwa da nono. Idan zazzaɓin bai sauka ba bayan kwana biyu, a dawo a sake dubawa.

Akwai alamun da ba a jiran kwana biyu, ko gwaji ya ce me: jijjiga ko suma, yaro ya kasa shan nono ko ruwa, yana amai da duk abin da ya shiga bakinsa, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, numfashi da kyar, tafin hannu da ido sun yi fari fat, wuya ya sanƙare, fitsari ya yi duhu kamar shayi. A ɗauke shi nan take, ko da tsakar dare ne, zuwa asibiti mafi kusa. Na Bonaberi kada su tsaya tunanin ƙetare gadar Wuri cikin cunkoso, asibitin gunduma na Bonassama yana gefensu. Na New Bell suna da asibitin gundumarsu. Idan ana bukatar wucewa gaba zuwa Laquintinie, su za su tura.

Idan kuma layi biyu ne, a sha maganin kwana uku cif, ko an ji sauƙi a rana ta biyu. Tun 2011 gwamnati ta ayyana maganin palu marar tsanani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, iyaye su tambaya. A Janairun 2024 Kamaru ta zama ƙasa ta farko da ta sa allurar rigakafin palu cikin jerin alluran yara na yau da kullum, an fara da gundumomin lafiya 42. Allurar tana rage haɗari, ba ta kawar da shi ba. Yaron da aka yi wa, idan ya yi zazzaɓi, shi ma a gwada shi, kuma ya kwana cikin gidan sauro.

Zinariya mai ba da haske

Gwajin gaggawa yana da iyaka. Sai zinariya ta taru da yawa kafin ido ya gani. Idan ƙwayoyin cuta kaɗan ne ƙwarai a jini, layin ba zai fito ba. Masu bincike suna neman alamar da ta fi jan layi ƙarfi, kuma ɗaya daga cikin wuraren da suka nufa shi ne zinariyar da ta fi wannan ƙanƙanta.

Idan aka rage ƙwayar zinariya ta koma ƙasa da nanomita 2, ba a ƙara auna ta da faɗi kawai, ƙirga ƙwayoyin zarra da ke cikinta ake yi: 15, 18, 25, 102. Waɗannan su ne 'yan dunƙulen zinariya. A 2007 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka gano yadda zarra 102 suke zaune a cikin dunƙule ɗaya, kowace da gurbinta. A 2008 aka gano tsarin mai zarra 25, wanda aka fi yin aiki da shi.

A wannan girma zinariya takan bar halin ƙarfe. Jan launin nan na zoɓo ya ɓace. Maimakonsa, idan aka haska ta da wani haske, takan shanye shi ta mayar da wani launi dabam. 'Yan kasuwa sun san irin wannan. Fitilar duba kuɗin jabu tana ba da haske shuɗi-shuɗi, amma idan ta faɗa kan takardar kuɗi ta gaskiya sai wasu zare da alamu su ƙyalla da wani launi. Haka 'yan dunƙulen nan suke: ƙarƙashin irin wannan fitila suna ƙyalli ja, ko ruwan lemo, ko kore, gwargwadon girmansu da rigar da aka sa musu.

Riga dole ce, domin ɗan dunƙule tsirara ba ya zama shi kaɗai, sai ya manne da ɗan'uwansa su zama babbar ƙwaya. A 2009 Jianping Xie da abokan aikinsa a Singafo suka nuna hanya mai sauƙi. Suka gauraya gishirin zinariya da wani furotin na jinin saniya, suka ƙara ɗan sinadari mai kaifin toka, suka bar shi a ɗumin jikin mutum na wajen awa 12. Furotin ɗin ya naɗe zinariyar, aka sami 'yan dunƙule masu ƙyallin ja. Daga baya wasu suka yi irin wannan da farin ƙwan kaza.

Idan suka haɗa kansu

Matsalar ita ce hasken ɗan dunƙule ɗaya yakan yi rauni. Rigarsa tana da wutsiyoyi da ke kaɗawa a cikin ruwa, kuma ƙarfin da ya kamata ya fito a matsayin haske yakan ƙare a wannan kaɗawa, ya zama ɗan ɗumi. Maganin shi ne a hana su motsi.

A nan batun haɗa kai ya shigo. Uwargida ta san idan ta ɗiga man ja a ruwa, ɗigogin sukan nemi juna su haɗe, ba wanda ya tura su. Ƙananan abubuwa ma haka suke, idan an shirya musu riga da ruwan da ya dace, sukan jeru da kansu su zama ƙwallo, ko zare, ko faifai. Da 'yan dunƙulen zinariya suka matsu da juna, wutsiyoyin ba su da wurin kaɗawa, kamar kayan da aka ɗaure tamau a bayan mota. Ƙarfin da ke ɓata a motsi sai ya fito haske. Wannan hali, na abu ya ƙara haske idan ya taru, Ben Zhong Tang da ɗalibansa a Hong Kong suka ba shi suna a 2001, a kan wasu sinadarai da ba zinariya ba. A 2012 rukunin Xie ya nuna shi a zinariya mai rigar gulutatayon, wani ƙaramin sinadari da ke cikin ƙwayoyin jikinmu. Ruwan da ba ya ƙyalli, da aka sa abin da ke cikinsa ya dunƙule, sai ya kama haske.

Amfanin wannan ga aikin lafiya shi ne, ana iya shirya abin ta yadda cutar da ake nema ita ce za ta sa su haɗu ko su rabu. Haske ya kunnu, akwai ta. Bai kunnu ba, babu. An taɓa yin irin wannan da manyan ƙwayoyin. A 1912 likita Carl Lange a Jamus ya yi amfani da canjin launin jan ruwan zinariya wajen gwada ruwan ƙashin baya na masu tunjere da ya hau kai, kuma an yi shekaru da dama ana wannan gwaji a asibitoci. A 1996 Chad Mirkin a Amurka ya sa ƙwayoyin zinariya suka haɗu ta hanyar zaren gado, wato DNA, launin ya tashi daga ja ya nufi shuɗi.

Abin da ake so a yi da su

Na farko, gwajin da ya fi gani. Ido da na'ura sun fi saurin gane ɗan haske a cikin duhu fiye da ɗan ja a kan farar takarda. Layi mai ƙyalli zai iya nuna cuta tun tana kaɗan. Sai dai yana bukatar fitila ta musamman ko na'urar karantawa, wannan kuwa ƙarin kuɗi ne da batir.

Na biyu, gane guba. A 2010 aka nuna cewa zaiba tana kashe hasken 'yan dunƙulen nan, ko da kaɗan ce ƙwarai a ruwa. Wannan ya shafe mu. Masu haƙar zinariya a gabashin Kamaru, wajen Betare-Oya, suna amfani da zaiba wajen tace ta, ragowar tana bin rafi. Akwai kuma zaiba a wasu mayukan bilicin da ake sayarwa a kasuwanninmu, kuma tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana taɓa jaririn da ke ciki. A 2022 Ma'aikatar Lafiya ta Kamaru ta hana shigo da kayan shafa masu irin waɗannan sinadarai da sayar da su. Gwaji mai arha da zai nuna zaiba a ruwa ko a mai zai yi amfani a nan.

Na uku, leƙa cikin jiki. Wasu dunƙulen suna ba da hasken da ya wuce ja, wanda ido ba ya gani amma yana ratsa nama fiye da sauran launuka, na'ura kuma tana ɗaukarsa. Ana gwada su a dabbobi don a ga iyakar ƙari, ko a ga yadda ƙoda ke aiki. Ƙanƙantarsu tana taimakawa. Matatar ƙoda tana barin abin da bai wuce nanomita 5 zuwa 6 ba ya fita da fitsari. A 2011 Jie Zheng da abokan aikinsa a Dallas ta Amurka suka nuna cewa ƙananan ƙwayoyin zinariya masu rigar gulutatayon suna fita ta fitsarin ɓeraye, alhali manya sukan maƙale a hanta da saifa.

A 2019 masu bincike daga Landan da Amurka suka haɗa wannan da dabarar haɗawa da rabawa. Suka ɗaure 'yan dunƙulen a jikin babban furotin da wani zare wanda sinadarin ciwon daji ke iya yankewa. A ɗaure, sun fi ƙarfin matatar ƙoda. A jikin ɓeraye masu sankarar hanji, zaren ya yanke, dunƙulen suka fita da fitsari, da aka zuba wa fitsarin wani sinadari sai ya koma shuɗi. A ɓeraye masu lafiya bai canja ba.

A lura da kalmar ɓeraye. Waɗannan ayyuka suna ɗakin bincike. Kafin abu ya tashi daga ɓera zuwa jikin mutum, sai an yi shekaru ana tabbatar da cewa ba ya cutarwa, yana aiki, kuma yana jure ajiya. Wanda zai yi amfani a Duwala kuma sai ya jure zafi da laima, ya yi arha. Jan layin da muke da shi ya riga ya ci wannan jarrabawa.

Zinariyar sha ba magani ba ce

Duk lokacin da aka ji sabon abu a kimiyya, masu neman kuɗi sukan riga likitoci isowa kasuwa. Ana tallan ruwan zinariya da ƙwayoyi masu sunan "nano" a waya da cikin motocin tafiya, wai suna wanke jini, suna ƙara ƙarfi, suna warkar da sukari da daji. Babu ruwan zinariya na sha da aka tabbatar yana warkar da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Likitoci sun taɓa gwada zinariya a matsayin magani, kuma labarin darasi ne. A 1890 Robert Koch ya ga wani gishirin zinariya yana hana ƙwayar tarin fuka girma a cikin kwalba. A shekarun 1920 aka yi ta yi wa masu tarin fuka allurarsa a Turai. Bai warkar da su ba, ya lalata wa wasu ƙoda, aka daina. A 1929 Jacques Forestier a Faransa ya fara amfani da gishirin zinariya ga masu wani irin ciwon gaɓoɓi mai kumburi. Wannan ya yi aiki, amma sai da auna jini da fitsari a kai a kai, don yana iya taɓa ƙoda da fata da ɓargo. Yanzu an sami magungunan da suka fi shi, ba a cika amfani da shi ba. Idan abin da likita ya auna da hannunsa yana da wannan haɗari, ina ga kwalbar da ba a san wanda ya cika ta ba?

Mai ciwon sukari ko hawan jini ko ƙanjamau kada ya ajiye maganinsa saboda kwalba mai hoton zinariya. Wanda aka kawo wa irin wannan, ya zo da ita asibiti a duba masa kafin ya kai baki.

Abin yi a gida

Zazzaɓi ya kama yaro ko mai ciki, a kai su gwaji a ranar, kada a kwana biyu ana jiƙe-jiƙe. A yi gwajin a asibiti, ko farmasi mai izini, ko wurin ma'aikacin lafiya na unguwa da aka horar. A nemi a ga an buɗe sabuwar leda da sabon tsinken huda yatsa. A nemi a ga sakamakon da ido, a tambayi wane layi ne C, wane ne T. Haƙƙin marar lafiya ne. A faɗi duk maganin da aka sha cikin watan da ya wuce. Layi biyu, a sha magani har ƙarshe. Layi ɗaya, kada a sayi maganin palu, a bari a nemi ainihin ciwon. Alamar haɗari ta bayyana, a tafi asibiti nan take.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya boko ba. Allah ya ba mu lafiya, ya raya mana yaranmu.